Tsohuwar Bas Ɗina a Cikin Wasan 'Yata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

A zamaninmu idan ka sayi mota ta zama taka. Na yi shekaru ina jan babbar mota zuwa Agadas, Kumasi da Injamena, na sha ganin kafinta ya ƙera bodin katako ya manna masa tambarin da ya ga dama, ba mai cewa uffan. Yanzu na dawo ƙauyenmu gefen Ɗambatta ina noma, sai ga shi wai siffar mota ma tana da masu ita.

'Yata ta karanci kwamfuta, ta haɗa wasan waya na tuƙa bas daga ƙauye zuwa Kano, ana kauce wa ramuka da awaki. Tsohuwar bas ɗina da ke bayan rumbu ta ɗauki hotonta ta saka, har da tambarin kamfanin a goshi. Na ji daɗi ƙwarai, ni ma na gyara mata ƙarar canjin giya.

Sai wani da ta sani ta intanet ya ce zai fitar da wasan duniya. Ya zo har gida yana ta Baba, Baba, wai ni zan sa hannu a matsayin mai wasan, girmamawa ce ga uba. Takardar da Turanci da Faransanci take, ya ɗauka tsohon manomi ba zai karanta ba. Na karanta duka. Can ƙarshe an rubuta cewa idan masu ƙera motar suka kai ƙara kan tambari ko siffa, wanda ya sa hannu shi zai tsaya a kotu. Na tambaye shi ko ya nemi izininsu, ya yi dariya ya ce haba Alhaji, wa zai leƙo Ɗambatta. Na ce a cire tambarin a sauya fitilu, ya ce ai shi ke jawo mutane. Na ce to ya sa nasa sunan, sai ya fara duba agogo.

Ni kuwa a ƙasar waje na taɓa ganin an rufe wa mutum shago saboda tambari a jikin huluna kawai.

Na ƙi sa hannu. Yarinyar ta yi kuka, ta ce na fiye zargi, wahalarta ta shekara biyu zan zubar, in ban sa ba ita za ta sa ranar Lahadi.

To jama'a, in sa hannun in tare mata ƙarar da za ta iya zuwa, ko in hana ta ta riƙe ni a zuciya? Masu ilimin shari'a, sauya fitilu da cire tambari ya wadatar? Abu ɗaya dai ya riga ya canja, ta daina nuna mini wayarta, bas ɗin kuma na lulluɓe ta da tamfol tunda na gane ƙarfen ne kaɗai nawa, siffa da tambari na kamfani ne.