Sunan Gidan Kleibrink Ya Rasa Mai Ɗauka

Ostenholt, watan girbin dankali

Zuwa ga ƙanin matata Wendelin, a Kanada,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, kai da iyali. Mu nan da sauƙi, sai gwiwa da ta hana ni hawa tarakta. Kabarin yayarka Mechthild na nan a share.

Ka san al'adarmu: suna na gida ne, ba na uba ba. An haife ni Wever, jikan masaƙa, amma ranar da na auri Mechthild na shigo gonarku, na ajiye sunan ubana na zama Kleibrink, mutumin tudun yumɓu, kamar yadda kakanka ya yi kafina. Yumɓun da ya ba mu suna har yau yana kama takalmi, kurmin gabas da ya ba ƙauyen nan nasa kuwa tuni aka sare shi.

Yanzu ƙarfina ya ƙare, kuma babu mai gado. 'Yarmu Irmgard ta ce in yi haƙuri, ba za ta baro Hamburg ta zo ta auri shanu ba. Ɗanta ya ce sunan dai yana so, in za a aiko masa ba tare da taki ba. Wani attajiri na neman gonar don ya gina rumbunan ajiyar kaya. Da na tambaye shi ko zai ɗauki sunan, ya yi dariya ya ce yana da nasa, bai tsufa ba tukuna. Maƙwabcinmu Alfons ya tare ni bakin coci, wai in shirya komawa masaƙi, ko da yake ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba.

Na yi alkawarin ba attajirin amsa ranar idin Waliyyi Martin, lokacin da ake sauya hannun gonaki. Ba na sa rai, amma ina roƙon haɗin kanku duka: ka tambayi jikokinka ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai son zama a tudun nan. In babu, ka rubuto mini da hannunka, don kada a ce baƙon da ya shigo ta aure ne ya kashe sunan shi kaɗai.

Ka gaishe da matarka Roswitha, da ɗanka Benedikt da yaransa.

Naka,
Ludger Kleibrink