Na Durƙusa a Bikin Dabino

Aƙiƙ, Madina

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau. Aikin asibiti ne dai ya sha mini kai, wani lokaci sai in kwana biyu ban zauna da 'yarki Sundus ba, amma alhamdu lillahi.

Yaya, har yanzu jikina a sanyaye yake. Ran Juma'a na kai Sundus wani ɗan gari a hanyar Badr, inda suke bikin dabino duk kaka. Titi guda ake rufewa, kowane gida ya fito da tabarma da gahawa, ba mai wucewa bai ɗanɗana ba. Ana cikin haka na ji wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa tana yi wa jikanta faɗa da Hausa. Ban san lokacin da na durƙusa har ƙasa ina gaishe ta ba. Larabawa suka yo kaina da ruwa, sun zaci jiri ne ya kwashe ni. Ita kuwa ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, "'Yar nan, rabona da ganin gaisuwar nan tun mahaifiyata na da rai."

Sai ga Sundus ta sunkuyo tana dube-dube, ta tambaye ni da Larabci wai me na yar. Shekararta tara fa, Yaya! 'Yar cikina!

Na yi muku addu'a a Rauda. Hutun bana a wajenku Sundus za ta yi. Amma don Allah ki fara sauke ta a gidanki, kada ta shiga wa Inna a tsaye.

Ƙanwarki,
Shafa'atu