An Cire Sunana Daga Aikin Bushiya da Beguwa

Garki, Abuja
Laraba, 14 ga Maris, 2007

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Yaya Lukmanu da yara, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Mu ma jikinmu lafiya lau.

"Ki saki fuska, kada ki ba su abin kallo." Abin da Catherine, abokiyar aikina, ta raɗa min ke nan jiya, ina tsaye da lemo a hannu a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ban gane ba sai da ogammu, Dokta Manniru, ya fara jawabi. Wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje ta karɓi aikinmu, shi ya sa aka sayo cincin. Ya karanto sunayen marubuta: nasa, na Baturen da ya ara mana na'ura, na Catherine, da na shugaban cibiya, wanda bai taɓa buɗe firizarmu ba sai don ya sa ruwan shansa. Ni kuma can ƙarshe aka gode wa "wata malama da ta taimaka wajen tattara nama." Aka tafa. Ni ma na tafa, kin san tarbiyyar gidanmu.

Kin sha tambayata me nake yi a wurin nan, ina ce miki sai mun haɗu. To ga shi. A cikin kan ƙwayar maniyyin kowace dabba mai shayarwa akwai wani ɗan sinadari, furotamin, shi ke ƙudundune gadon halitta ya matse shi wuri guda. Umarnin ƙera shi yana rubuce a jikin dabbar, kuma rubutun yana sauyawa kaɗan-kaɗan daga zamani zuwa zamani. In na jera na dabbobi biyu na ga bambancin bai da yawa, to kakanninsu ba su daɗe da rabuwa ba. Da haka na gwada dabbobin dajinmu. Bushiya da beguwa, duk ƙayar nan tasu, ba dangin kusa ba ne. Beguwa ta fi kusa da gafiya. Rema kuwa, ɗan abin nan da ke shan hantsi a kan duwatsu, danginsa su giwa ne.

Ni na tsara aikin, Yaya. Ni na riƙa bin hanyar Kuje ranar Asabar wurin Yamusa maharbi, in yanki ɗan kunne ko hanta kafin mata su babbake naman. In janaretan ofis ya mutu, ni ke kwaso kwalaben zuwa gida in jera su a firiza kusa da kajin miya. Da wannan maƙala zan nemi gurbin digiri na uku. In ba sunana a kai, ba ni da abin nunawa.

Na faɗa wa Baban Ameera da na dawo. Ya ce in yi haƙuri, haka aikin gwamnati yake, ya cinye cincin ɗin da na zo da shi. Gobe zan shiga ofishin Dokta.

Ki gaida Inna da kyau, amma kada ki faɗa mata tukuna.

Ƙanwarki,
Nazeefa

Jikwoyi, Abuja
Lahadi, 18 ga Maris, 2007

Yaya Barira,

Sallama da fatan alheri. Yaya gida, yaya jikin Inna? Kin ga adireshin ya sauya, ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Na shiga wurin Dokta Manniru a shirye da faɗa, sai na tarar da mutum yana ba ni kujera da shayi. Ya ce, "Hajiya, wallahi ni ma ban so ba. Maigidanki ne ya zo har nan ya roƙe ni. Na ɗauka kun yi shawara."

Na sa ya maimaita. Ya maimaita, har da ranar. Ashe tun kafin Babbar Sallah ne. Ana duba sunan Baban Ameera a cikin waɗanda za a ba muƙamin darakta a ma'aikatarsu, kan maƙalar kuma yana ɗauke da kalmar maniyyi. Wai ya ce wa Dokta yanzu kowa ya iya intanet, maƙiya za su ga matarsa a ƙarƙashin wannan kalma su buga su raba a ofis. Dokta ya ji tausayinsa ƙwarai. Takardun filin Dokta da suka daɗe a maƙale a ma'aikatar su Baban Ameera su ma sun fito cikin watan. Ni dai na lura.

A gida Baban Ameera bai musa ba. Ya ce, "Don mutuncinki na yi, Nazeefa. Me kike so a ce a masallacin unguwa?" Na tambaye shi ko ya san me nake aunawa. Ya ce ba sai ya sani ba.

Yaya, ban taɓa ganin ko ɗigon abin nan ba. Rubutun yana cikin kowace tsoka, har a jikin mace, kusan rabin dabbobina ma mata ne. Kunne da hanta nake yanka. Da ya tambaye ni sau ɗaya a kan tuwo, da na faɗa masa. Ko da ma abin nake aunawa, aikina ne. Kuma sunan da aka goge ba nasa ba ne, na Babanmu ne nake ɗauke da shi.

Wannan shi ne mutumin da a jami'a yake yawo da sakamakona a aljihu yana nuna wa abokai. Goge sunan zan iya sa shi a lissafin tsoro, maza da yawa a garin nan kujera ta fi su ƙarfi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar Talata, da ya dube ni ido cikin ido ya ce haka aikin gwamnati yake.

Catherine ta ce in zan rubuta wa mujallar za ta sa hannu a matsayin shaida, ko da kuwa za a mayar da ita wanke kwalabe. Ba a buga ba tukuna, akwai sauran dama. Na faɗa wa Baban Ameera zan rubuta, kuma da cikakken sunana. Ya ce ba daga gidansa ba. Na ce na ji, magana ce mai kyau.

Yau da hantsi na haɗa akwati ɗaya, na ɗauki Ameera da kwamfutata. Catherine ta zo da tasi, don wurinta za mu sauka a Jikwoyi. Baban Ameera yana zaune a falo da jarida, bai yarda da gaske nake ba, har yana tambayata ina na ajiye hularsa ta zuwa ɗaurin aure. Na ce tana saman durowa, inda take kullum. Ƙofar falon nan tamu sai an buga take kamawa. Na ja ta a hankali, na riƙe har na ji ta kama, na sauko.

Yanzu kina iya faɗa wa Inna. Ki gaida Yaya Lukmanu, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Nazeefa