Kana Kan Dutse, Gonar Inna Na Mutuwa

Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Faransa, yaya taronku na malaman makarantar lakwal? Inna lafiya, sai ciwon gwiwa. Matarka da yara kalau.

"Yaya, kafin noman fari na dawo." Haka ka ce mini a tashar Magarya. Ga shi an shiga maimai, ba abin da ya iso sai hotonka a kan dutse kana washe baki, wai garin kullum biki, kuna cin abinci a fili.

Ran Laraba na kira gayya a gonar Inna. Na dama fura, na tuƙa tuwon mutum ashirin, uku suka zo. Malam Idi maƙwabcinmu ya ce mini ido da ido: "Hadiza, wa ya zo tamu daga gidanku, bara ko bana?" Bayan yunwar da muka sha, ciyawa za ka bar wa geronmu?

Na ba ka zuwa ganin watan azumi. In ban ga ƙeyarka ba, zan ɗauke Inna zuwa gidana a Yekuwa, in ba 'ya'yan Kawu aron gonar a gaban mai gari. Ka san abin da ya shiga hannunsu ba ya fitowa.

Inna na gaishe ka. Ka sa mu a addu'a, in ana salla a kan dutsen.

Yayarka,
Hadiza