Ƙofar da Weldu Ya Sassaƙa

Aksum, 4 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Azmera,

Gaisuwa mai yawa gare ki. Ina fata ke da maigidanki da yaran kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya, in ban da gwiwa.

Saura kwana goma sha biyu a yi addu'ar arba'in ta mahaifiyarki, ga shi kuwa ina shirin ƙin karɓar dutsen kabarinta. Weldu mai sassaƙa, wanda na koyar a aji huɗu, na umarce shi ya rubuta suna da shekaru kawai. Sai ya kama sassaƙa siffar ƙofar katako a jikin dutsen, irin wadda ke jikin dogayen duwatsun da kakanninmu suka kafa a garin nan, har da kawunan azara da mariƙi. Shekara talatin ina gaya wa ɗalibai cewa ƙofar da ba ta buɗuwa ƙarya ce, komai kyanta. Da na tuna masa, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe har yau jan biron nan bai ƙare ba?"

Gobe zan koma da ma'aunina.

Mahaifinki,
Gebrekidan Tesfu

Aksum, 10 ga Yuli

'Yata Azmera,

Ina sake gaishe ki, da fatan tarin ƙaramin ya yi sauƙi.

Na je neman kuskure. Da Weldu ya share ƙurar dutsen, sai na ga ashe ƙofar ɗakin girkinmu ce. Ranar da ya zo ta'aziyya ya aune ta ban sani ba. Ga tsagar nan ta ƙasa, ga kusoshi ukun da na buga a karkace shekarar da aka haife ki, waɗanda mahaifiyarki ba ta daina yi mini tsiya a kansu ba. Ga wurin da ya lotsa inda takan tura da kafaɗa in ta ɗauko faifan wainar injera. Ban san lokacin da na ɗora hannuna a wurin ba, na kuma daɗe ban ɗauke ba.

Kuskure ɗaya na samu: ya rufe ta ruf. Mahaifiyarki ba ta taɓa rufe ƙofar nan ba. Takan bar yatsa biyu domin ta ji shigowata. Na ce ya gyara. Wannan karon bai yi dariya ba, kurfinsa na sassaƙa kawai ya ɗauko.

Ya gama jiya. Na auna da kaina, yatsa biyu daidai.

Ki taho da wuri. Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki,
Gebrekidan Tesfu