Fuskar Da Ba Ta Fito Ba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aiki. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Hoton da kika aiko ya iso. Baba ya fito tar a kan gado, har furfurar girarsa ana gani. Goggo a gefensa ta fito, kwalbar magani ma ta fito. Ni kuwa ga ni can bakin ƙofa kamar hayaƙi, ba ido ba hanci. Da hoto kike cin abinci, ba za ki ce mini kuskure ba ne.

Kin san abin da ya faɗa ran da na ajiye zarto, na bar masa shagon kafinta na koma tuƙin babbar mota: "Kada in ƙara ganin fuskarka." Ban taɓa karya wannan magana ba. Da kika ce jiki ya yi tsanani na zo, na tsaya daga ƙofa na yi sallama, ko ɗagowa bai yi ba. Yanzu kuma Goggo ta ce da aka nuna masa hoton, ya ɗora yatsa a kaina ya ce, "Wannan kuma wane ne?"

Idan shi ya sa ki shafe ni, ki faɗa mini kawai. Ba zan riƙe ki ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, duk da dai ba ka cancanta ba. Tunda ka daina ɗaga waya, na ba abokin aikinka wannan ya miƙa maka.

Ni zan shafe ka? Ni da ka goya har bayanka ya ƙage? Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo, na karanta na kasa cin abinci.

Tsaya ka ji, ko da kunne ɗaya ne. Kyamara tana da ido, ana buɗe shi ana tsuke shi. Idan na tsuke shi, na kusa da na nesa duk su fito raɗau, amma sai da haske mai yawa. Idan na wage shi, haske kaɗan ya ishe ni, sai dai abin da na saita kawai zai fito, da wanda ke layi ɗaya da shi. Duk wanda ya ja baya ya zama dishi-dishi. A wurin aiki zurfin hoto muke ce masa. Masu biki har roƙona suke in yi musu haka, don kada a ga shanyar maƙwabta a bayansu.

To ka tuna ɗakin Baba. Taga ɗaya, ita ma labule a sake, don ya ce haske yana sa masa ciwon kai. Fitilar kyamara ba ya son ta. Da na iya tsuke idon in bar shi ya daɗe yana shan haske, amma kan Baba rawa yake yi yanzu, da shi ma ya watse. Dole na wage. Na saita a fuskarsa. Goggo ta manne masa, ka san ta da hoto, ta fito. Kai kuwa sau nawa na yafito ka da hannu? Ka maƙale a ƙofa kamar mai kawo saƙo.

Ba wanda ya shafe ka, nesa ka tsaya. Jikin Baba kuma ba daɗi, abinci sai an lallaɓa.

Ƙanwarka mai fushi da kai,
Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Saƙo ya iso, na kuma fahimci bayanin kyamara. Ki yafe mini zargin da na yi miki.

Amma Baba ba kyamara ba ne. Tsakanin gadonsa da ƙofar nan ba wata tafiya ba ce. Ya ji sallamata ya yi shiru, ya ga tsayina a hoto ya ce bai san ni ba. Ba zan je in tsaya masa a ka yana jinya ba, in ƙara masa ɓacin rai.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gyara fuskar a kwamfuta, na san kuna yi. Ina so yarana su ga akwai ranar da muka taɓa zama ɗaki ɗaya da kakansu.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Hoton ba zai gyaru ba. Abin da kyamara ba ta kama ba, babu shi. Sai dai in aro idon wani da hancin wani in liƙa maka, ni kuwa ba zan ƙirƙira maka fuska ba.

Amma maganarka ce ta tsaya mini a rai, cewa Baba ba kyamara ba ne. Jiya da hantsi na kai masa ruwan wanka, sai na ce bari in gwada. Na tsaya daidai inda ka tsaya, kafaɗata a jikin ƙyaure. Yana fuskantata, idonsa a buɗe. Na ɗaga hannu. Na sake ɗagawa. Yaya, ko ƙiftawa bai yi ba. Na dinga matsowa kaɗan-kaɗan, sai da gwiwata ta taɓa gadon ya ce, "Auta, yaushe kika shigo?"

Ashe ya daɗe a haka yana ɓoyewa. Abin da ya wuce tsawon hannunsa inuwa ce kawai. Ka san shi, mutumin da yake gane karkataccen katako daga tsallaken titi, zai yarda ya ce ba ya gani? Shi ya sa ya hana a ɗaga labule, shi ya sa ya daina zama a zaure. Mu duka muna ta cewa rigimar tsufa ce. Sallamarka kuma Goggo ta danne ta da surutu, kunnen ma ya yi nauyi.

Na ɗauko hoton na kai masa dab da hanci, na ce, "Baba, wanda ka tambaya nan, Yaya ne. Ya zo duba ka." Ya dinga shafa wurin da babban yatsa, kamar yadda yake shafa katako ya ji ko ya yi laushi. Sai ya ce, "Na ce kada in ƙara ganin fuskarsa. Ni da baki na faɗa, ban ce Allah ya karɓa ba."

Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata.

Likita ya zo da yamma. Bai ce komai a gabansa ba, amma a waje ya ce in akwai na nesa a kira su. Ka ajiye motar nan ko a ina take. In ka zo kuma kada ka tsaya mini a ƙofa. Ka hau gadon, ka kai fuskarka inda hannunsa zai kai. Wannan ɗakin ba ya ɗaukar na nesa, ko a idona ko a nasa.

Don Allah, Yaya.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa, da ƙarin haƙuri gare mu duka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Sabon hoton ya iso. Wannan karon na fito, har jan idona ana gani. Kaina a jikin nasa, tafinsa a kan kumatuna. Idonsa ne dai a rufe. Da na iso ya riga ya daina buɗewa, ke shaida ce.

Da ya shafa fuskata na ji yatsunsa sun tsaya a tabon da kurfin sassaƙar katako ya yi mini a haɓa ina yaro. Sai bakinsa ya motsa. Ni kuka ya toshe mini kunne. Ke kina kusa, kina kallonsa ta kyamara.

Idan kin ji abin da ya ce, ki faɗa mini. Idan ba ki ji ba, kada ki ƙirƙira.

Yayanki