Kowa Ya Ji Labarin Kekunan Holan, Ban da Ya Falmata

Anti Hamida, don Allah ki taimake ni, na jefa kaina cikin abin kunyar da ban san ta inda zan fita ba.

Ni malamar kimiyya ce a wata makaranta da ke unguwar Federal Low-Cost, gidanmu kuma a unguwar Barunde. Kwanakin baya aka ba makarantarmu gurbin mutum ɗaya na kwas ɗin sati uku a ƙasar Holan. Gurbin na shugabarmu ne, Ya Falmata, dattijuwa 'yar Borno da ta shekara talatin tana koyarwa, ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Sai ta ce ita ta kusa ritaya, a tura mai sauran ƙarfi, ta sa sunana. Har kuka na yi a ofishinta.

Anti, na ga abin mamaki! Tsofaffi sa'o'in kakata a kan keke, burodi a kwando, suna ta sheƙa gudu. Mutum da kwat da jaka, wai babban ma'aikaci ne, shi ma keke. Karnuka har da riguna. Ranar farko na ga wata jar hanya mai kyau a gefen titi, na hau ina tafe ina ƙasaita, ashe ta masu keke ce. Ƙararrawa ta ko'ina, da kyar na sha. Gaisuwa kuwa, duk wanda muka haɗa ido sai na gaishe shi, wasu su yi murmushi, wasu su waiga su ga ko da wani nake.

Na dawo ana hutu. Kin san al'adarmu, matafiyi ake zuwa yi wa sannu da zuwa. Na baje a falo, jama'a na shigowa, ina ta zuba labari, komai sai na ce "a can", har ƙannena suka sa mini suna "A Can". A haka na zauna ina jiran Ya Falmata ita ma ta zo. Ba ta zo ba, har na ɗan ji haushi, Allah Ya yafe mini. Sai da mahaifiyata ta tambaye ni ko na je na gaishe ta, sannan na farga. Yau kwana ashirin da biyar da dawowata, mayafin da na sayo mata yana cikin akwati, kuma ranar Litinin za a koma makaranta. In jira mu haɗu a ofis in wayance? In aika mata mayafin? Ko in ce ban ji daɗi ba ne? Wallahi ina ganin girman matar nan, ba na so ta ɗauke ni butulu.

'Yar Barunde mai jin kunya

Ƙanwata, na sha dariyar jar hanya, amma sauran zancen ba na dariya ba ne.

Fara cire ƙaryar ciwo. Matar da ta shekara talatin tana jin wannan uzurin daga bakin ɗalibai, ba ke za ki ruɗe ta ba. Aike zai ƙara ɓata lamarin, gaisuwar ofis kuma ta aiki ce, kowa ma zai yi mata.

Ban ga butulci a wasiƙarki ba, murna ce ta ɗauke miki hankali. Gaskiya ne ana zuwa yi wa matafiyi sannu, amma sa'o'i da ƙanne ke zuwa. Babba, ke za ki bi shi har gida, balle wadda ta yi miki wannan halaccin. Ita ma da ta so da ta kira ki a waya, sai dai manya suna da kawaici, kuma shirunta ba lallai fushi ba ne.

Gobe bayan la'asar ki tari Keke Napep ki tafi. In kunya ta yi miki yawa, ki roƙi mahaifiyarki ta raka ki. Ki durƙusa ki faɗi abin da ya faru yadda kika faɗa mini, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki miƙa mayafin, amma kada ki yi saurin tashi. Ki zauna ki ba ta labarin duka, tsofaffin da kekunansu, karnukan da rigunansu, har jar hanyar. Duk Barunde sun ji shi a banza, wadda ta ba da kujerarta a jirgi ce kaɗai ba ta ji ba. Na tabbata ta fi jiran sa a kan mayafi.

Allah Ya sa ki tarar da ita tana dariya, Ya kuma ba ki zuciyar da za ki sa sunan wata idan naki lokacin ya zo.

Anti Hamida